Goggon 'Yan Aji Biyu Ta Ajiye Alli

Duk wanda ya yi karatu a sashenmu na injiniyan lantarki ya san ƙarar motar Goggo kafin ya san fuskarta. Tsohuwar mota ce ruwan toka, wadda sai ta yi tari sannan take yarda ta tsaya, kuma kullum a gindin bishiyar bayan ɗakin gwaje-gwaje ake samunta. Da sassafe take isowa, masu shara ba su gama ba. Ba ta fara zuwa ofis. Ajin da za ta koyar take shiga, ta buɗe tagogi, ta goge allo da hannunta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan ta ciro alli daga wani gwangwanin madara da ya girmi wasu ɗalibanta. Tambaya ɗaya tak take rubutawa a kusurwar allon, ta koma kujerar baya ta zauna cikin kujerun ɗalibai tana jiran mu. Wanda ya riga zuwa shi zai fara gwada sa'arsa. Shi ya sa a zamaninmu aka samu gwanayen tsayawa a bakin ƙofa suna ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Lissafi take koyarwa, kuma ita ce mai kula da 'yan aji biyu. Aiki ne da malamai ke karɓa na shekara biyu ko uku su yar, don ba ya kawo girma, sai ciwon kai. Ita ta riƙe shi shekara talatin da 'yan kai. A gabanta Malama muke ce mata, a bayan idonta Goggo. Ranar da sunan ya kuɓuce wa wani a cikin aji, duk muka zuba mata ido. Ta juyo daga allo ta ce ai ta daɗe da sani, kuma tun da goggo ce, tana da ikon jan kunne. A watan nan ta ajiye aiki. Babu jaridar da za ta ɗauki labarin, shi ya sa na ce bari ni in ɗauka.

Sai na faɗi yadda aji biyu yake, sannan a gane nauyin da ta ɗauka. A ajin nan ne hanyoyi uku na shiga jami'a suke haɗuwa. Akwai waɗanda suka fito sakandare, suka ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau, suka fara daga aji ɗaya. Su ne ke kiran kansu 'yan ƙofar gaba. Akwai waɗanda makinsu bai kai ba, suka yi shekara guda a makarantar share fage kafin a ɗauke su. Waɗannan 'yan ƙofar baya ake ce musu. Sai mu, masu difloma, da ake ɗauka kai tsaye a jefa mu aji biyu ba mu taka aji ɗaya ba. Mu ko ƙofa ba a ba mu ba. 'Yan taga ake ce mana. Ana yi da wasa, muna dariya, amma wasan yana da ƙaya. Idan sakamako ya fito aka liƙa a allon sanarwa, za ka ji ana cewa ai dama, me ake jira daga wanda ya shigo ta taga?

Ni na shigo ina da shekara talatin, da mata da 'yar ƙaramar yarinya, bayan na yi shekaru ina gyaran injina a wata masana'anta. 'Yan aji suka sa mini Kawu. Na zo da tunanin cewa wanda ya sha girgizar wutar lantarki a hannu ba yaran da ba su taɓa riƙe filaya ba ne za su koya masa komai. Gwajin farko na Goggo ya sauke mini wannan girman kai. Na kalli takardar tambayoyi, ta kalle ni. Alamomin da ke ciki wasu ban taɓa ganinsu ba, ga yaran da nake rainawa suna ta rubutu har da neman ƙarin takarda. Abin da na samu ba ya faɗuwa a gaban jama'a. Gwaji na biyu ma bai fi na farko da komai ba. Na koma gida na ce wa matata ina ganin gara in koma bakin aikina tun ba a maye gurbina ba. Ta ce duk abin da na yanke ta bi, amma na san da wane ido maƙwabta za su dube mu bayan an yi ta yi mana murna.

Kafin in kai ga yanke shawara Goggo ta aiko a kira ni. Na same ta da takardata a gabanta, na shirya shan faɗa. Sai ta tambaye ni aikin da nake yi kafin in zo, ta saurare ni ina ba ta labarin injinan masana'anta kamar ba ta da wani aiki. Daga nan ta juyo da takardar, ta nuna mini inda na fara kowace amsa daidai, da inda na tsaya cak a kowace. Wuri ɗaya ne, ta ce, kuma abin da ake koyarwa ne a aji ɗaya, ajin da aka tsallake da ni.

"Kawu, ba ƙwaƙwalwa ka rasa ba," ta ce. "Shekara guda ka rasa. Ƙwaƙwalwa ce ba na iya bayarwa. Shekara kuwa, in kana da haƙuri, za mu nemo ta."

Na ce mata ina da iyali, ba ni da lokacin ɓatawa. Ta ce ita ma tana da iyali, kuma ranar Asabar da safe tana nan a tsohon ɗakin zane na sama. In na ga dama in zo, in kuma taho da sauran 'yan uwana masu kunyar tambaya.

Haka muka fara hawa benen nan kowace Asabar, mu 'yan difloma, yawancinmu masu gemu, muna zama a kan dogayen kujerun zane ƙafafunmu na reto kamar 'yan firamare. Daga tushe ta faro. Ba ta taɓa cewa "ai kun san wannan" ba. Idan mutum ya yi tambayar da shi kansa ya ji kunyarta, sai ta ce madalla, rabin ɗakin nan ita suke so su yi, tsoro ya hana su. Har yau in na ji ƙamshin alli da tsohon katako, ɗakin nan nake tunawa, da fankar da ke juyawa ba ta ba da iska, da muryarta tana cewa mu sake daga farko.

Abin da ya fi ba mu haushi a lokacin, wanda kuma ya fi yi mana amfani, shi ne yadda take raba aikin rukuni. Ba ta barin kowa ya zaɓi abokinsa. Uku-uku take haɗawa, ɗaya daga kowace ƙofa. Ni ta haɗa ni da wata 'yar share fage da ake kira Lauya, don ba a taɓa kayar da ita a musu ba, da wani yaro da ake kira Auta, wanda ya fi kowa ƙuruciya a ajin, kuma ya shigo jami'a da makin da har a sashe ake labarinsa. Da farko zaman doya da manja muka yi. Auta yana ganin an ɗaura masa kaya biyu. Ni ina ganin an haɗa ni da ɗan cikina. Lauya kuwa tana ganin mu duka biyu ba mu san inda ke mana ciwo ba, kuma ita ce mai gaskiya.

Ɗakin gwaje-gwaje ne ya sasanta mu. Auta zai warware lissafin da'irar lantarki a ka kafin in gama karanta tambaya, amma da aka miƙo masa wayoyin a hannu sai ya riƙe su kamar an ba shi maciji. Ni na nuna masa yadda ake haɗawa, da yadda hanci ke jin abu ya fara ƙonewa kafin ido ya gani. Shi kuma ya zauna da ni a kan lissafi, yana ce mini, "Kawu, kar ka ji haushi, amma nan ma ka ɓata." Lauya ita ta san jami'ar ciki da bai, don shekarar share fage ta koya mata abin da mu biyu ba mu sani ba: yadda ake raba karatu tun farkon zango, wane littafi ne ya fi sauƙi a laburare, da yadda ake tarar malami a yi masa tambaya ba tare da jin tsoro ba. Ta taɓa faɗuwa, ta san ɗacinsa, ba ta son ƙari. Ita ke kora mu karatu kamar mai kora awaki.

Goggo takan ce kowace ƙofa da lokacin faɗuwarta. Ɗan difloma a zangon farko yake tuntuɓe, in ya tsallake shi, sai ya miƙe, ya kuma yi fice idan an zo aikin hannu. Ɗan share fage a hankali yake tafiya, abin da ke kayar da shi yawanci raini ne, in ya yarda da abin da ake faɗa a kansa. Na ƙofar gaba kuwa, ta ce, shi ta fi jin tsoro, don ba mai dubansa. Kowa ya ɗauka ya isa.

Ba mu gane maganar ba sai da ta faru a kan Auta. A zango na biyu ya fara makara, daga nan ya fara fashi. In mun tambaye shi, ya ce kansa ke ciwo. Mu ba mu kawo komai ba, ai Auta ne. Goggo ce ta lura ya bar zama a gaba, ya bar ɗaga hannu, kuma amsoshinsa sun koma haddar misalan littafi, in aka ɗan juya tambaya sai ya ɓace. Ranar da ya ƙi zuwa gwaji, tana tashi daga aji ta ce mini in raka ta ɗakin kwanan ɗalibai maza. Da rana tsaka muka same shi kwance ya juya wa ƙofa baya, littattafai a buɗe a ƙasa. Da ya ga wadda ta shigo, ya zabura zai tashi, ta ce ya zauna. Ta jawo kujera.

Ya ce tun yana firamare bai taɓa zuwa na biyu ba. A sakandare akwai malamin da ke zuwa gida, akwai tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ya haddace har ya san amsa kafin a gama karantowa. Da haka ya ci jarrabawar shiga, da haka ya lallaɓa aji ɗaya. Yanzu an zo inda hadda ba ta aiki, ya karanta shafi sau biyar bai shiga ba, kuma ba ya iya tambayar kowa, don shi ake tambaya. Mahaifinsa kuwa duk baƙon da ya zo gida sai ya ji labarin makin nan.

"Malama, in na faɗi, me zan ce wa Baba?"

"Ba kai za ka fara faɗa masa ba," ta ce. "Ni zan je. Kai aikinka ka wanke fuska ka ci abinci. Ranar Asabar kuma ka hau sama wurin su Kawu."

Ta je ɗin. Abin da suka tattauna da mahaifin ban sani ba, Auta dai ya ce mini tsohon ya yi kwanaki ba ya magana, daga baya ya kira shi ya ce ya yi karatunsa a hankali, jami'a ba gudun fanfalaki ba ce. Ba a ceto shekarar ba, an makara. Auta ya maimaita aji biyu. Mun fita mun bar shi, ni da sakamako na tsaka-tsaki wanda nake alfahari da shi har gobe, Lauya kuwa, 'yar ƙofar baya, ita ta zo ta ɗaya a ajinmu. Shekara ta zagayo muka koma taya Auta murnar gamawa. Yau shi ke tsara manyan tashoshin wuta, kuma in ya kira ni a waya har yanzu da "Kawu, kar ka ji haushi" yake farawa.

Ke ce kika shiga ɗakin nan, Goggo, lokacin da kowa ke ganin yaron ba ya bukatar kowa. Ke ce kika hau bene da ciwon gwiwa don wasu gardawa su koyi abin da aka tsallake da su. Rumfa sha shirgi, ba mu taɓa jin kin ce kin gaji ba.

Akwai abin da ba mu sani ba sai bayan mun fita. Wani malami da a lokacin sabon ɗauka ne, wanda yau shi ne shugaban sashe, shi ya ba ni labari. Wata shekara an kawo shawara a taron malamai cewa a daina ɗaukar 'yan difloma. Masu shawarar ba mugunta suka nufa ba. Sun ga yadda ake ɗauko mutane daga bakin aikinsu, su zo su faɗi a zangon farko, a sallame su, su tashi ba tsuntsu ba tarko. Suka ce tausayi ma ya isa a rufe hanyar. Goggo ta yarda da su a kan faɗuwar, ta ƙi yarda da maganin. Ta ce a duba waɗanda suka tsallake zangon farko a ga inda suke ƙarewa. Ta ce idan gada ta ɓalle a tsakiya, gyara ta ake yi. Ta nemi a riƙa kiran sababbin 'yan difloma tun lokacin dogon hutu a koya musu lissafin aji ɗaya kafin a buɗe makaranta. Aka ce ba malamin da zai ba da hutunsa. Ta ce akwai guda.

Abin da wannan ya ci mata sai wanda ya san aikin jami'a. Dogon hutu shi ne lokacin da malami ke bincike da rubutun da ake duba wa a ƙara masa girma. Ita ta ba da nata, shekara bayan shekara. Waɗanda aka ɗauka aiki tare da ita sun zama furofesoshi. Wasu da ta koyar ma sun wuce ta. An ce wata rana an yi mata maganar, ta ce ba wai ba ta so ba ne, ta so ƙwarai, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar tulu biyu. Maigidanta, wanda muke kira Baffa, ma'aikacin asibiti ne mai barkwanci. Yakan ce shi mace ɗaya ya aura, ya wayi gari uban aji guda. Mun sha shayi a falonsu har ba adadi, 'yarsu tana ƙorafin cewa teburin cin abincin gidan bai taɓa ganin kwano ba sai takardu.

Ba kowa ta ceta ba, kuma ba ta taɓa cewa ta iya ba. Akwai waɗanda suka yi iya yinsu abin ya ƙi. Irin waɗannan ba ta bari su ga sunansu a allon sanarwa kafin su ji daga bakinta. Wani ta nema masa canjin sashe, wani ta rubuta wa tsohon wurin aikinsa a mayar da shi. Na san ɗaya daga cikinsu, yana da babban shagon haɗa wutar hasken rana yanzu, kuma shi ya fi kowa rawar jiki a shirya bikin sallamarta.

Ranar bikin babban ɗakin taro bai ɗauke mu ba. Masu furfura da masu sabon gemu, mata da goyo, wasu sun yi tafiyar kwana. Ba wanda ya tuna wa ya shigo ta ina. Bayan jawabai, shugaban sashe ya ce tun da yau ba mai kama ta da laifi, ta faɗa mana gaskiya: cikin hanyoyin nan uku, wacce ta fi fitar da ɗalibi nagari? Ɗaki ya ɗauki dariya, kowa ya gyara zama.

"Na ga na ɗaya daga kowace hanya, na ga korarre daga kowace hanya," ta ce. "Hanya tana gaya maka abin da yaro ya zo da shi da abin da ya baro. Sauran kuma ya rage ga wanda ya tarbe shi."

Ta zauna. Iyakar jawabinta ke nan.

Da aka watse, ni da Lauya muka ɗauko mata kyaututtuka zuwa mota. A ƙasan bene muka tarar da wata yarinya tsaye da takarda a hannu, idonta ya yi ja. Sabuwar ɗaliba ce 'yar difloma, ba ta san abin da ake yi ba, an dai ce mata in tana da matsala ta nemi Goggo. Na buɗe baki zan yi mata bayani, Goggo ta ɗaga mini hannu. Ta riga ta miƙa makullin ofis tun safe. Sai ta ce wa Baffa ya jira ta a mota, ta tattara zanenta ta zauna a kan matakala, ta nuna wa yarinyar gefenta. Baffa ya dube mu ya girgiza kai, ya ce mu sa kayan a but ɗin mota, shi ya san ba yanzu ba.

Mun gode, Goggo. Na gode a madadin matata da ba ta ji kunyar maƙwabta ba, da 'yata da ta tashi ta ga ubanta da digiri, da duk wanda aka taɓa yi wa dariya saboda hanyar da ya biyo. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa da tsawon rai, ya sa ki ci gajiyar abin da kika shuka.

Ku kuma malamai masu tasowa, ba a ce ku ba da hutunku duka kamar yadda ta yi ba, wannan sai ita. Amma idan sakamako ya fito, kafin ku ce wane ba ya ja, ku kira shi ku ji abin da aka koya masa da abin da aka tsallake da shi. Ku riƙa leƙa na gaban aji ma, wanda kowa ke cewa ya isa. Hukumomin jami'a kuma su san cewa wanda ya buɗe ƙofa uku, wajibinsa ne ya sa mai tarba a bayan kowace. Sabon zango ya kusa, yara suna nan tafe, kuma a bana ba Goggo a aji biyu. Sai wani ya tashi.